Abin da Gara Ta Rage

Ranar kasuwa ne, bayan azahar, maigidana ya koma ɗakin adana littattafan garinmu ya tarar da teburin da ke fuskantar ƙofa wayam. Da safe ya bar kwali a kansa, kwalin da ni na manna da hannuna, cike da tsofaffin takardun gidan Alfa Yelfa. Kafin la'asar labari ya gama gari. Kafin magariba kuwa an riga an san ɓarawon, wai shi ne.

Baber mai takardu ake ce masa. Shekaru ya yi yana bin gidajen malamai yana lallashin su kawo littattafan kakanninsu wuri ɗaya, kowane gida da akwatinsa da makullinsa. Shekaru kuma ya yi yana rubuta wa ƙungiyoyin waje neman tallafi. Wasu ba su amsa ba, wasu sun ce garin ya yi nisa da kwalta, wasu sun ce a sake gwadawa baɗi. Sai a bana wata ƙungiya ta ce za ta turo mutum biyu su gani da idonsu. Ita dai abin da ke bakin lalacewa kaɗai take taimaka wa. Saboda haka ya bi akwatuna ya zaɓi mafi muni, kuma babu wanda ya kai na gidan Alfa Yelfa. Gara ta ci, laima ta manne sauran, wata takardar kamar ganyen da akuya ta tauna ta zubar. Su ya ɗauka hoto ya aika, su aka ce za a zo gani a makon da ke tafe.

Laifinsa ɗaya: ya ja ƙofa bai kulle ba, ya haye soron makaranta, inda sabis yake kamawa, ya zauna jiran kiran mutanen. Ba wanda ya gan shi a can. Kowa yana kasuwa.

Dramani, ɗan ƙanin Alfa Yelfa, shi ya fi kowa zafi. Ya tsaya a bakin masallaci yana cewa dama hoton da aka aika na talla ne, mai saye ya zaɓa, an miƙa masa. Ya ce in Juma'a ta wuce ba a ga takardu ba, 'yan sandan jandarma zai kira daga birnin Jenne. Tun a yammacin nan gidaje suka fara zuwa da jakuna suna kwashe akwatunansu. Maigidana ya dawo ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Na kai masa shinkafa da kifi, na dawo na ɗauke yadda na ajiye.

*

Ni ba mai magana ba ce. A ɗakin littattafan ma aikina burushi da manna kwali, in baƙo ya shigo sai in shige lungu. Amma da gari ya waye na yafa mayafi na nufi rumfar Ogobara.

Ogobara ɗan ƙabilar Dogon ne, ya sauko daga duwatsu tun kafin a haife ni. Albasa yake sayarwa, amma in an kore wa mutum shanu ko jaki ya yi ɓatan kai, shi ake nema, don yana karanta ƙasa yadda malamai ke karanta allo. Ni kuma 'yar Bozo ce, masunta. Tsakaninmu da su wasa ne tun na kakanni, kuma shi kaɗai ne namijin da in ya zage ni dole in rama, in na yi shiru ma na yi laifi.

"Wa nake gani kamar 'yar tarwaɗa a kan tudu? Kogin ya ƙafe ne?"

"Warin albasarka ne ya kashe kifin, na zo in kai ƙara."

Ya yi dariya har ya ga idona, sai ya daina. Na gaya masa abin da ya riga ya ji. Ya ce shi sawun kofato ya sani, takarda ba ta da ƙafa. Na ce wanda ya ɗauke ta yana da ita. Ya tambaye ni ko na tabbata ina son a bi, don sawu ba ya duba gidan wa zai shiga, yana iya shiga nawa. Na ce a bi. Ya rufe albasarsa da buhu, ya ɗauki sanda.

*

Ƙofar ɗakin littattafan ba ta da amfani, rabin gari ya tattake ta. Ogobara bai ko tsaya a nan ba. Ya zaga cikin 'yar farfajiyar da randa take, inda ba kowa ke shiga ba. An yi ruwa da asubahin ranar kasuwa, rana ta biyo ta gasa laka, duk abin da ya taka wurin ya zauna kamar a kan tukunya.

Ya daɗe a tsugune. Ya nuna mini sawun silifa biyu a jere, an cire su an ajiye. Ya nuna wasu 'yan ramuka kusa da dutsen da ake zama, inda ruwa ya yi ta ɗiga wuri ɗaya. Daga nan sawun ƙafa ba takalmi ya nufi ƙofar ciki, ya dawo, ya koma cikin silifa. Ya tambaye ni ko maigidana yana alwala a nan. Na ce a'a, a gida yake yi, randar ta wanke hannu ce kafin a taɓa littafi.

"To wani ya yi alwala cikakkiya a nan, har da ƙafa, sannan ya shiga."

Na ce ko wanda ya zo salla ne. Ya ce mai yiwuwa, bai ƙara ba. Silifar irin ta kowa ce, ta roba, rabin mazan gari ita suke sawa. Ya bi ta har bakin lungu, a nan jakunan kasuwa suka shafe ta.

*

Muka fara da masu kaya. Alfa Yelfa yana zaurensa a kan kujera, carbi a hannu, bargo a cinya. Tsoho ne da garin ke ji da shi, shi ya raɗa wa rabinmu suna. Dramani yana tsaye a kansa. Da ya gan ni ya ce au, an aiko mace neman sulhu ke nan. Na sunkuyar da kai.

Ogobara ya gaishe su, ya tambayi tsohon ko akwai wanda yake zargi. Alfa bai ɗago ba.

"Ba na zargin kowa. A bar yaron nan. Ni na yafe, ba na neman komai."

Ya ce haka ya faɗa wa mai gari, haka ya faɗa wa liman. Dramani ya ce shi bai yafe ba, gado ne, da rabonsa a ciki, kuma kirkin baffansa ne ya sa kowa ke taka su. Ogobara ya tambayi me ke cikin takardun. Tsohon ya ce rubutun mahaifinsa ne, tafsiri da addu'o'i, da hannunsa ya yi. Ogobara ya tambayi yadda aka yi gara ta same su haka. Alfa ya ce ya gaji, a bar shi ya huta.

Da muka fito na ce wa Ogobara Allah ya saka wa tsohon nan, shi kaɗai ya tausaya mana. Ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Kan kifi dai ba ya girma. Wa ake yafe wa, in ba wanda ya yi ba? Yafewar nan ta fi ihun Dramani ƙona mijinki."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa mata suka daina amsa gaisuwata a bakin rijiya.

*

Mutum na biyu da gari ke ambata shi ne Sori. Da can yana zagayawa da Turawa masu yawon buɗe ido, kuma an san ya taɓa sayar musu da tsofaffin tukwane. Tun da suka daina zuwa ya koma faci. An gan shi da babur a lungun ɗakin littattafai ranar kasuwa.

Bai musa ba. Ya ce ya je ne ya roƙi Baber ya sa shi tafinta in baƙin sun zo, ya ga ƙofa a jaye, ya yi sallama ba a amsa ba, ya juya. Ogobara ya sa shi ya taka laka a bakin kwata, ya duba, ya ce ƙafarsa ta cika faɗi, kamar ta agwagwa. Sori ya ce ya gode, yau ƙafarsa ta yi masa rana.

Sannan ya faɗi wani abu da ban manta ba. Ya ce shi ya san kasuwar nan ciki da bai. Ba mai sayen abin da gara ta rage. A kan shiryayyen da ke bayan teburin akwai littafi mai ruwan zinariya, lafiyayye, a buɗe, ɓarawon da ya san aikinsa shi zai ɗauka ya bar tarkace. Ya ƙara da cewa in ana neman wanda ya yi sanɗa a lungun, a tambayi Bamoyi magini, don ya ga jakinsa da kwando a lulluɓe.

*

Bamoyi ya so ya ɓuya. Matarsa ta ce ba ya nan, alhali jakinsa yana ɗaure, ƙafafunsa kuma suna leƙowa ta ƙarƙashin asabari. Ogobara ba shi da damar shiga cikin gida, don haka ni ya tura. Na shiga na tsaya, na kasa cewa komai, na yi ta kallon ƙafafun. Shirun ne ya ishe shi ya fito.

Ya ce ya rantse bai taɓa takarda ba. Abin da ke cikin kwandon laka ce da ƙaiƙayi. Bangon gaban ɗakin littattafan ya tsage tun damina ta bara, kuma maigidana ya hana a gyara. Wai a bar tsagar baƙi su gani, ita ce za ta kawo kuɗin rufi.

"Kakana ya gina gidan nan, ubana ya yaɓe shi, sunanmu ne a jikin bangon. A ce baƙi su zo daga wata duniya su tarar da shi baki buɗe? Wane irin taimako ne wannan, sai ka kwance wando kafin a ba ka?"

Saboda haka ya jira ranar kasuwa, ya lallaɓa ya toshe tsagar ta baya, inda ba za a lura da wuri ba. Ogobara ya tambaye shi ko ya ga wani. Ya ce bai ga kowa ba, yana bayan gini. Abu ɗaya dai ya ba shi haushi: ya jingina fartanyarsa a bakin lungu, ya tafi ɗebo ruwa, ya dawo babu ita. Ya gama aikin da hannu. Da yamma ya same ta a jingine a ƙofar gidansa, an wanke ta tas.

Ogobara ya ce a kawo ta. Ya juya ta, ya zaro tsinke ya soka inda ƙarfe ya shiga ƙota, ya kakkaɓo 'yar ƙasa a tafinsa. Jar ƙasa ce mai garin tsingaro. Garinmu duk baƙar laka ce. Wuri ɗaya ne ke da irin wannan, tudun maƙabarta.

*

Na tsaya ƙarƙashin tsamiya, don mata ba sa wuce nan. Ogobara ya bi gefen shinge a hankali, kansa a ƙasa. Bai shiga ciki ba ma. A bayan tudun, wajen shinge, ta gangaren da ke kallon kogi, ya tsaya ya yafito ni.

Ƙaramin kabari ne sabo, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba. An daidaita shi da alƙibla, an shafe samansa da tafin hannu, an ɗora ƙaya. Duk wanda ya wuce zai ce jariri ne, ya yi addu'a ya wuce.

Ya nuna mini silifar nan tamu ta iso wurin. Ya ce in dubi tazarar taku. Gajere ne, daidai wa daida, ba gaggawa, ba waiwaye, kuma nauyin yana gaba, irin na wanda ya rungumi kaya a ƙirji da hannu biyu. A gefen kabarin akwai ramin gwiwa guda ɗaya, ta dama. Ta hagu babu. Maimakonta sai wani dogon jan dunduniya can nesa, inda ƙafar ta miƙe ta ƙi lanƙwasa. Ya ce mutumin ya daɗe a nan bayan ya gama.

Na ce to in da gaske jariri ne fa? Ya ce shi ya sa ba zai taɓa ba, kuma shi ya sa yake yawo da ni. Wannan tambayar ta mata ce.

Na tafi wurin Nana Tata ungozoma, wadda ba a haihuwa ko ɓari a garin ba da saninta ba. Na yi ta kewaye-kewaye har ta ce in faɗi abin da ya kawo ni ko in taya ta tsince shinkafa. Da na faɗa, ta ce rabon da ta wanke gawar jariri tun kafin azumi, kuma masu ciki duk suna nan da abinsu, ta lissafa mini su gida gida.

Na koma na gaya masa. Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari yana haɗuwa a ƙasan sama, kogi kuma ya fara cika, gangaren nan shi ruwa ke fara ci kowace shekara. Ya ce in je in tashi mijina, in ce ya wanke fuska, mai gari zai kira.

*

Aka taru a zauren mai gari bayan la'asar: liman, Alfa Yelfa da Dramani, Sori, Bamoyi, da maigidana, wanda ya zauna can gefe kamar baƙo. Ni ina bakin ƙofar cikin gida, bayan labule.

An kawo wa manya kujeru. Ogobara ya ce a yi masa alfarma a fitar da su. A wurinsu, in ji shi, ba a yanke magana sai kowa yana ƙasa, don wanda ke zaune a ƙasa ba ya saurin fushi. Mai gari ya ce ɗan dutse dai ba ya rabuwa da ƙauyanci, amma ya sa aka shimfiɗa tabarmi. Kowa ya zauna ya naɗe ƙafa. Alfa Yelfa ya dafa kafaɗar Dramani, ya sauka a kan gwiwar dama, ƙafar hagu ta miƙe a gabansa kamar taɓarya.

Ogobara ya fara da Sori, ya ce ƙafarsa ta wanke shi. Ya ce Bamoyi ya yi sata, amma tsagar bango ya sace, aka ɗan yi dariya. Ya ce Baber bai taka farfajiyar ba ranar, sawunsa na ƙarshe a can, ruwan asuba ya riga ya doke shi. Sannan ya kwashe labarin randa, da fartanya, da tudun, ya faɗa a hankali, idonsa a kan tabarma.

"Ni shanu na saba bi, na san tafiyar ɓarawo. Wannan ba ita ba ce. Wanda ya ɗauki kwalin nan ya yi alwala kafin ya taɓa shi, ya rungume shi, ya yi masa tafiyar da ake yi wa gawa. Sawun mai jana'iza na gani. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, don ɗayar ba ta yarda. Iyakar abin da ƙasa ta gaya mini ke nan, suna kuwa ba ta faɗa."

Ba wanda ya so ya kalli ƙafar, kuma kowa ya kalla. Dramani ya janye hannunsa daga bayan baffansa, ya rasa inda zai sa shi.

Alfa ya ajiye carbi. Ya ce a shekarun da ake jin masu bindiga suna ƙona littattafai a arewa, shi ya haƙa rami a ɗakinsa ya binne akwatin mahaifinsa, bai gaya wa kowa ba, ko ƙaninsa. Ya bar shi ya daɗe, don tsoro. Da ya tono, gara ta riga shi. Masu bindigar ba su taɓa zuwa garinmu ba. Waɗanda suka bar nasu a kan shiryayye, nasu yana nan lafiya.

"Ni na kashe su da hannuna. Sai yaron nan ya ɗora su a bakin ƙofa, ya rubuta sunan gidanmu a kwali, don baƙi su zo su ga abin da Yelfa ya yi wa rubutun ubansa. Takarda mai sunan Allah in ta mutu, sutura ake yi mata. Haka na ga ana yi, haka na yi."

Ya ce ya ɗauka ba wanda zai yi kukan tarkace. Da gari ya ɗauki zancen, ya san in ya buɗe baki za a tone, shi ya sa ya ce ya yafe, yana zaton hakan zai kashe wutar. Kuma har yanzu bai yarda a tone ba. An rufe, an yi addu'a.

Liman ya tambayi maigidana me ya gani. Na san abin da takardun suke a wurinsa. In babu su, baƙin za su ga ɗaki mai gyararren bango da rabin akwatuna, su koma. Ya juya wajen tsohon.

"Naka ne, Alfa. Da ma na tambaye ka kafin in ɗora su."

Mai gari ya ji daɗin wannan. Ya ce to alhamdu lillahi, magana ta mutu a zauren nan. Alfa uban kowa ne, ba za a fitar da shi rana ba. Za a gaya wa gari an sasanta, ba jandarma, ba ƙara. Liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha.

An sasanta. Na ga yadda za ta zaga rijiya da kasuwa, na ga 'ya'yan da ban haifa ba tukuna ana nuna su ana cewa ubansu ne wanda aka rufa wa asiri. Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Muryata ta fito ƙarama, har mai gari ya ce wa ke magana.

"Ni ce, Baba. Ku gafarce ni." Na juya wajen tsohon, ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafar na kalla. "Baba Alfa, kai ka raɗa mini suna. Tun ranar kasuwa mutumin nan bai ci abinci ba. Ka yi wa takarda sutura, ka bar mai rai a tsirara. In an ce an sasanta, haka zai zauna har ya mutu."

Dramani ya buɗe baki, Ogobara ya ɗora masa sanda a gwiwa, ya rufe. Iska ta fara kaɗa labulen. Na koma bayansa, ina jin kamar in nutse.

Sai na ji tsohon yana cewa a tashe shi. Ba Dramani ya miƙa wa hannu ba.

"Baber, kama ni. Bamoyi, ara mini fartanyar nan, yau da saninka."

*

Shi ya yi tonon, a kan gwiwa ɗaya, bai yarda kowa ya karɓa ba. Daga ƙarƙashin tsamiya na ga ya ciro ƙunshi cikin farin ƙyalle, ya kaɗe ƙasar, ya buɗe gefe ya leƙa. Kwalin ya sha sanyi amma ruwa bai shiga ba. Ya mayar da ƙyallen, ya miƙa wa maigidana da hannu biyu.

Maigidana ya juya zai bi ta bayan gari, hanyar da ta fi kusa, don an fara yayyafi. Tsohon ya riƙe masa riga.

"Ba ta nan ba. Ta kasuwa za mu bi, mu ɓulla ta masallaci, mu sauka ta rijiya. Kai a gaba."

Haka suka shiga gari, Baber rungume da ƙunshin a ƙarƙashin rigarsa, Alfa Yelfa a bayansa yana jan ƙafa, jar ƙasa har gemunsa, fartanya a kafaɗa. Duk inda ya ga mutane sun fake a rumfa sai ya tsaya, ya ɗaga murya ya ce shi ya ɗauka, shi ya binne, yaron nan bai ci amanar kowa ba. Ya faɗa wa masu nama, ya faɗa wa teloli. A rijiya ya faɗa sau biyu, don wata ta ce ba ta ji ba.

Ni da Ogobara muna can baya. Ya ce ashe tarwaɗa tana da murya, shekara da shekaru yana zaton sai dai ta buɗe baki ta rufe. Na ce ya je ya duba albasarsa, ruwa zai yi mata wankan da mai ita bai taɓa yi ba.

A ƙofar ɗakin littattafai tsohon ya tsaya yana haki. Ya tambayi maigidana ko baƙin nasa suna jin magana in an yi musu a hankali. Maigidana ya ce suna ji, akwai tafinta.

"To ka cire sunana daga jikin kwali, ni ba buhun shinkafa ba ne. Ka ajiye mini kujera kusa da teburin. In za a nuna abin da na yi, ni zan nuna."

Maigidana ya ce to. Ya tura ƙofa da kafaɗa ya shigar da takardun, ruwa ya sauko da ƙarfi. Da ya fito ya hango ni a ƙarƙashin indararo, ya matso, ya yi ƙasa da murya don kada manya su ji, ya tambaye ni ko akwai sauran shinkafa a gida.